Zakin Goshin Fijo

Garejina na bayan tashar Jega, gindin tsamiya,
Nan Arzika kan tsaya duk Talata da safiya.

Fijo gare shi, fara ce da, yanzu ruwan ƙasa,
Haɗin Kaduna, ya saye ta tun kan ya auri Rakiya.

Yakan goge zakin goshinta da bakin riga,
Ya ce, "Nomau, ɗan gida ne wannan, ba ya ƙarya.

Mutanenmu suka ɗaure ta, da guminsu a kowane noti,
Sun san ramukan Koko, sun san halin hanya.

Buhu goma na albasa daga Aliero har Yawuri,
Ko tari ba ta yi ba, balle ta koka da kaya."

Sai ɗansa Modi ya ƙetare Kamba, ya kwana shida,
Ya dawo da Toyota 'yar Beljiyam, tana sheƙi kamar amarya.

Ya ce, "Baba, shigo ka huta, ga sanyi, ga taushi,
Galan guda zai kai ka Birnin Kebbi ka juya."

Arzika ya leƙa, ya sunsuna kujerar gaba,
Ya ce, "Warin karen Bature ne wannan, ko na giya?

Wani ya ci moriyarta ya yar, ku kuka tsinta,
Kun sallami kwastan da dillali, har kuna godiya.

Gwanjo gwanjo ne, ko an fesa masa turare."
Modi ya ce, "Amma gwanjon nan ba a tura shi ta baya."

Wata uku uba da ɗa ba su haɗa kwano ba,
Kowa da makullinsa, kowa da tasa zuciya.

Da damina ta kankama, 'yar Beljiyam ta faɗa kududdufi,
Gab da Maiyama, ƙwaƙwalwarta ta sha ruwa, ta ƙi tafiya.

Fijon ce ta je, tana hayaƙi tana atishawa,
Ta jawo ta har ƙofata, ɗaure da igiya.

Na ɗaga bonet, na yi salati, na sake dubawa,
Wayoyi ne cunkus, ja da kore, kamar taliya.

Kayanta sai Legas, sai an jira, sai an buga waya,
Arzika na kan benci, hula a gwiwa, yana ta dariya.

Ni kuwa na yi gum, don cikina akwai magana:
Injin Fijon nan na Nissan ne, ni na sa shi, ba jiya.

Kafireton na wata Mazda ce da ta ƙone a Bunza,
Ƙofar hagu ta motar asibiti ce, na same ta a ajiya.

Salansar kuwa Ige mai walda ya yanko ta,
Daga tsohon bututun famfon wata rijiya.

Idan aka tsefe ta kaf, abin da ya saura na Kaduna,
Zakin nan ne na goshi, da marfin taya ɗaya.

Rannan na kasa haƙuri, na zayyana masa duka,
Ina jiran faɗa, ko ya ce na ci amana, na ba shi kunya.

Ya tauna goro, ya tofar, ya dube ni sheƙeƙe,
"Ka ɗauka kurma ne ni? Tuni na ji ta sauya murya.

Wa ya ɗaura su? Kai. A ina? A nan Jega.
To ai ta ƙara zama 'yar gida, ɗan tsiya."

Ta Modi ta tashi bayan sati biyar, da dabarata,
Yanzu ita ma akwai waldar Ige a jikinta, ta tsakiya.

Kuma na sha ganin tsohon, in rana ta take,
Ya lallaɓa cikinta, ya kunna sanyi, ya miƙe jijiya.

In na yi gyaran murya ya ce lahani yake nema.
Kuɗin lagireto dai, har yau bai biya.